Ba kowane kwale-kwale ke sayar wa jirgin ruwa kaya ba

Wasu 'yan gwari a kasuwar Farin Gada ta Jos sun ɗauka in mutum ya kai dankalin Turawa da kabeji Legas, sai ya ɗauki hayar kwale-kwale ya je ya yi talla a gindin manyan jiragen da ke jiran shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa. Da can an yi haka. Amma tun 2004 dokar tsaron jiragen ruwa ta duniya ta sa masu gadin jirgi na korar duk ƙaramin jirgin da ba a san da zuwansa ba.

Yanzu kyaftin ne ke aika jerin abin da kukun jirgin ke so ta hannun wakilin jirgin, ya isa ga dillali mai lasisin kwastan. Dillalin ne ke haɗa kayan, ya ɗauki jirgi mai inji, a ja kayan sama da ƙugiya cikin raga.

Asarar galibi a nan take: buhun da ruwan gishiri ya fantsama wa, ko kabejin da ya yi kwana biyu a mota ya yi laushi, kuku zai mayar da shi. Don haka gara mai gwari ya nemi dillalin, ya yi ciniki da shi a tudu.