Bandar Tafkin Chadi da busasshen kifin Lofoten

Tunda na zo arewacin Norwe da zama nake tuna bandar gida, musamman daga watan Fabrairu, lokacin da masunta a tsibiran Lofoten ke fara rataya kifi bibbiyu a kan dogayen katakai a fili. Ba gishiri, ba hayaƙi, iska da sanyi kawai. Sanyin bai kai ya daskarar da naman ya lalata shi ba, kuma ƙuda bai fito ba tukuna. Haka kifin zai zauna har wajen ƙarshen Mayu. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, ko an sauke shi ba a kai shi kasuwa. Sai an shigar da shi ɗakin ajiya mai shan iska ya ƙara wata biyu zuwa uku, har ya zubar da kusan kashi 80 cikin 100 na nauyinsa. Ka buga shi a katako ka ji kamar icce. Irin wannan yana shekaru bai ɓaci ba. Mafi kyau a cikinsu Italiya ake kai wa, kawunan kuma a loda su zuwa Najeriya.

Mu kuwa Allah ya ba mu hunturu, iskar da ke busar da wanki kafin azahar. Masu banda a Baga da Doron Baga, can bakin Tafkin Chadi, sun san aikinsu, tarwadar da ta sha hayaƙi sosai a hannunsu babu kifin Turai da zai kama ƙafarta a miyar kuka. A ganina gaggawa ce ke cutar mu. Fatake na jira, mota na jira, sai a sauke kifi bayansa ya yi baƙi amma cikinsa da sauran laima, a danna a kwali a ɗaure. Laimar nan ba ta da hanyar fita. Idan damina ce, ga kwalin a ƙasa yana jan danshi, kafin wata guda fumfuna ta hau, ƙwari sun yi ƙwai, kifi ya fara zama gari.

Daga nan ne wasu ke yayyafa masa fiya-fiya, kuma wannan yana min ciwo ƙwarai. Zuwana gida na ƙarshe, a wata kasuwa na sayi banda, Inna ta shinshina ta ce a zubar, warin magani ne. Jikokinta za a dafa wa.

Ba na cewa mu kwaikwayi Norwe, zafinmu da sanyinsu ba ɗaya ba ne, dole mu riƙe hayaƙi. Amma a ƙara wa kifin kwana a kan wuta marar ƙarfi har ya karye ƙas, a bar shi ya huce kafin a rufe, a ɗora kwalayen a kan katako nesa da bango, a riƙa mayar da shi wuta jefi-jefi da damina. A gida kuma, wanda ya bushe ƙamas ne kaɗai ake kullewa a leda ko roba mai murfi. Mai sauran taushi a dafa shi cikin makon.