Duk Netflix kuka lissafo, ina namu na gida?

Wallahi na karanta jerin finafinan da kuka ce a kalla, duk na Turawa da Koriya, kamar kowa ke da kuɗin sabskiraibin duk wata. Ni dai shawarata ku nemi Kwana Casa'in na Arewa24, yadda suka nuna siyasar Alfawa (jihar da aka ƙirƙira a shirin) da maguɗi da 'yan jarida sai ka rantse gwamnan jiharku ake nufi. Labarina na Aminu Saira ma yana YouTube, data kawai zaka saka, ni da daddare nake saukewa lokacin da ta fi araha, washegari mu kalla a waya ɗaya ni da uwargida, yara na leƙe ta bayanmu.