Zamanai Bakwai da Tambayar Wata Dattijuwa a Sabon Tasha

Ranar Larabar da ta wuce na je binciken Littafi Mai Tsarki a wata majami'a da ke Sabon Tasha, a garin Kaduna. Malamin da ya jagoranta matashi ne, bai daɗe da gama makarantar tauhidi ba, kuma da ganinsa ka san ya yi shiri. Ya kafa wani dogon zane a bango da ƙusa biyu. An raba zanen gida bakwai, kowane gida da launinsa, daga gonar Aidan a hagu har zuwa kursiyin sarauta a dama. Ga gicciye a tsakiya, gaba kaɗan kuma ga kibiya ta nufi sama, an rubuta "fyaucewa" a ƙarƙashinta, wato ɗauke masu bi zuwa sama farat ɗaya. Na san wannan zane tun ina yaro. Mahaifina yana da irinsa a kan farin ƙyalle, yakan naɗe shi kamar tabarma ya ɗaure a bayan keke in zai fita wa'azi ƙauye.

Ana cikin bayani sai malamin ya ce Wa'azin Kan Dutse, wato Matiyu sura 5 zuwa 7, asalinsa dokar mulkin Almasihu na shekara dubu ce mai zuwa, ba ikkilisiya aka nufa da shi kai tsaye ba. Wata dattijuwa 'yar zumuntar mata ta ɗaga hannu. Ta ce, "Fasto, ɗana, ka yi mini haƙuri. Addu'ar Ubangiji da muke yi kowace Lahadi, ba a cikin wa'azin nan take ba? Ashe duk shekarun nan aron ta wasu muke yi?" Malamin ya ce, "A'a Mama, ai ana ɗaukar darasi a ciki." Ta gyaɗa kai ta zauna, amma fuskarta ba ta nuna ta gamsu ba. Ni ma ban gamsu ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ga wanda bai saba da koyarwar ba, ga yadda take. Masu ita suna cewa Allah ya raba tarihin ɗan Adam zamani zamani. A kowane zamani yakan ba mutum wani umarni ya gwada shi, mutum ya kasa, hukunci ya biyo baya, sannan a buɗe sabon shafi. Lissafin da ya fi yaɗuwa bakwai ne: zamanin rashin laifi a gonar Aidan, zamanin lamiri har zuwa ruwan tufana, zamanin mulkin ɗan Adam daga Nuhu, zamanin alkawari daga Ibrahim, zamanin Shari'ar Musa daga Dutsen Sinai, zamanin alheri da muke ciki, sai mulkin shekara dubu. Kalmar Helenanci da suka dogara da ita, wadda Bulus ya yi amfani da ita a Afisawa 1:10 da 3:2, ma'anarta tafiyar da gida ce, irin aikin wakilin da maigida ya danƙa wa ragamar gidansa.

Abin da ba a cika faɗa wa mutanenmu ba shi ne shekarun wannan tsari. Raba tarihi kashi kashi tsohon abu ne a ikkilisiya: cikin malamanta na dā, Ireniyus ya yi maganar alkawura huɗu tun ƙarni na biyu, Agustin kuma ya lissafa zamanai shida. Amma tsarin da ke jikin zanen nan, mai raba Isra'ila da ikkilisiya su zama jama'a biyu masu makoma biyu, mai cewa za a fyauce masu bi kafin shekara bakwai na babban tsanani, bai kai shekara ɗari biyu ba. John Nelson Darby ne, wani tsohon limamin cocin Angilika a Ayalan, ya ɗora harsashinsa a shekarun 1830. Sai wani lauya Ba'amurke da ya koma fasto, C. I. Scofield, ya buga Littafi Mai Tsarki a 1909 da bayanansa a ƙasan kowane shafi, aka sake gyara shi a 1917. Wannan bugu ya shiga gidaje ba iyaka, har mai karatu ya riƙa mance inda ayar ta tsaya da inda bayanin Scofield ya fara. A 1924 Lewis Sperry Chafer ya kafa makarantar tauhidi ta Dallas a Amurka, wadda ta zama cibiyar koyarwar.

Hanyar da ta bi ta iso mana a fili take. Da yawa daga cikin 'yan mishan ɗin SIM, ƙungiyar da ta fara yunƙurin shigowa ƙasar nan a 1893 kuma ta haifi ikkilisiyar ECWA a 1954, sun fito ne daga makarantun Littafi Mai Tsarki na Amurka da Kanada inda wannan koyarwa ta yi ƙarfi. Su suka koyar da iyayenmu da Hausa. Byang Kato, ɗan Kwoi a nan jihar Kaduna, wanda ya zama ɗaya daga cikin fitattun malaman tauhidi na Afirka kafin rasuwarsa a 1975, a Dallas ya yi digirinsa na uku. Saboda haka ba daga nesa nake jifa ba. Da wannan nono aka shayar da ni, kuma ina ganin girman waɗanda suka shayar.

Ina kuma yarda cewa tsarin ya yi amfani. Mutumin da ya buɗe Littafi Mai Tsarki karo na farko, littattafai 66 a gabansa, yana bukatar wanda zai nuna masa gabas. Zanen mahaifina ya koya wa manoma da ba su yi boko ba cewa labarin yana da farko, yana da tsakiya, yana kuma da inda ya nufa. A gari irin Kaduna kuwa akwai wata tambaya da duk Kirista ya taɓa sha daga abokin aiki ko maƙwabci Musulmi: littafinku ya hana naman alade a Littafin Firistoci sura 11, me ya sa wasunku suke ci? Me ya sa ba kwa yanka hadaya, me ya sa Lahadi ba Asabar ba? Wanda ya san cewa akwai umarnin da aka ba Isra'ila don wani lokaci yana da amsa a bakinsa. Sai dai wannan amsa ba ta jira Darby ba. Manzanni sun zauna a kanta a Urushalima, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 15 ta nuna, Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa kuma ta yi bayanin hadaya filla-filla. Duk Kirista ya yarda akwai Tsohon Alkawari akwai Sabo. Gardamar tana kan layukan da aka ƙara a tsakani, da kuma wanda ya ja su.

Babu ayar da ta ce zamanai bakwai ne. Su kansu masu koyarwar ba su daidaita ba: wasu sun ce uku, wasu huɗu, wasu takwas. Wani malami Bature, E. W. Bullinger, ya matsar da layin har ya ce zamanin ikkilisiya bai fara ba sai bayan Ayyukan Manzanni sura 28, wasu mabiyansa suka ajiye baftismar ruwa saboda haka. Ayar da aka fi kafa hujja da ita ita ce 2 Timoti 2:15, wadda tsohuwar fassarar Turanci ta 1611 ta juya da kalmar rarrabawa. Amma kalmar Helenancin tana nufin yanka a miƙe ne, kamar yadda tela ke bin layi da almakashi ko manomi ke fid da kunya ba karkata. Bulus yana ce wa Timoti ya koyar da maganar gaskiya daidai. Bai ce a yanyanka ta a raba wa zamanai ba.

Yanzu sai tambayar Mama. Malamin nan bai ƙirƙiro maganarsa ba. A bayaninsa kan Matiyu 5, Scofield ya rubuta cewa a ma'anarsa ta farko Wa'azin Kan Dutse ba ya bayyana gata ko wajibin ikkilisiya, sai dai a nemi waɗannan a wasiƙun manzanni, ko da yake ya yarda akwai darasin ɗabi'a a ciki ga Kirista. Da ya zo kan roƙon gafara a Addu'ar Ubangiji, inda muke cewa a gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi, sai ya ce wannan filin Shari'a ne. A nan na rabu da shi, kuma rabuwar ba ƙarama ba ce. A ƙarshen wannan Bishara ta Matiyu ɗin dai, Yesu ya aiki almajiransa ga dukan al'ummai ya ce su koya musu kiyaye duk abin da ya umarce su. Wane umarni ne a Matiyu ya fi na kan dutse fitowa fili? Kuma in mulkin shekara dubu lokacin salama ne da adalci, wa zai mari mutum a kunci a can, wa zai tsananta masa, har a ce ya juya ɗaya kuncin ya yi wa mai tsananta masa addu'a? Waɗannan kalmomi don duniya mai mari da tsanani aka faɗe su, wato wannan da muke ciki. Bulus ma, wanda ake cewa wasiƙunsa ne namu, ya maimaita su a Romawa 12: ku sa wa masu tsananta muku albarka, kada ku rama mugunta da mugunta.

Wannan ba gardamar aji ba ce a Kaduna. Tun rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002, kogin Kaduna ya zama kamar iyaka. Kiristoci da yawa suka tattara zuwa Sabon Tasha, Narayi, Romi da Gonin Gora, Musulmi da yawa suka koma Tudun Wada, Rigasa da Kawo. Yaran da aka haifa bayan nan sun girma, wasunsu ba su taɓa cin tuwo a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. A kudancin jihar kuma an sha binne mutane. A irin wannan wuri, duk koyarwar da za ta ba matashi mai jin zafi ƙofar cewa "masu albarka ne masu kawo salama" ta wani zamani ce, ko "ku ƙaunaci maƙiyanku" darasi ne kawai ba umarni ba, to ta cire masa linzami a lokacin da ya fi bukatarsa. Na san malamin bai nufi haka ba. Amma magana zarar bunu ce.

Akwai kuma wani abu da ya daɗe yana ci mini rai, wato yadda muke zaɓen inda za mu ja layin. In aka karanta Amos yana tsawata wa masu tattake matalauta da masu algus a mudu, ko dokar Musa da ta hana a kwana da hakkin ɗan ƙwadago, sai ka ji an ce ai wannan zamanin Shari'a ne, mu muna ƙarƙashin alheri. Amma ranar da za a yi wa'azin zakka, Malakai 3:10 ce ke fitowa, ba wanda ya tuna cewa Malakai ma a gidan Shari'a yake a jikin zanen. Alkawuran albarka na Maimaitawar Shari'a 28 namu ne, gargaɗin da ke wannan surar kuwa na Yahudawa. Wannan ba laifin Darby ba ne, son zuciyarmu ne, sai dai tsarin ya ba son zuciya wuƙa mai kaifi.

Batun ƙarshen zamani ba zan daɗe a kansa ba. Da zarar an yi harbi a Gabas ta Tsakiya sai saƙonni su cika WhatsApp, ana haɗa kanun labarai da Daniyel da Wahayin Yahaya. An yi haka bayan kafa ƙasar Isra'ila a 1948, har wasu suka ƙirga shekara arba'in suka sa ido kan 1988 a matsayin shekarar fyaucewa, shekarar ta zo ta wuce. Romawa 11 ta nuna Allah bai yar da Isra'ila ba, wannan gaskiya ne, kuma masu wannan koyarwa sun kyauta da suka riƙe shi. Amma itacen zaitun da Bulus ya kwatanta a surar guda ɗaya ne, aka ɗaura rassan jeji a jikinsa. Afisawa 2 kuma ta ce Almasihu ya rushe katangar ya mai da biyun ɗaya.

Abin da ya kamata malamanmu su sani shi ne ko a Dallas ɗin an matsa gaba. Bugun Scofield na 1967 ya gyara kalaman da suka sa ake zargin tsarin da koyar da hanyar ceto biyu, domin Romawa 4 ta riga ta nuna Ibrahim da Dawuda ma ta bangaskiya aka karɓe su. A farkon shekarun 1990 wasu malaman makarantar, Craig Blaising da Darrell Bock, suka fito da ra'ayin cewa mulkin Almasihu ya riga ya fara ko da bai cika ba, zamanai kuma matakai ne na shiri guda. Mu kuwa muna nan riƙe da zanen da aka yi kafin a haifi kakanninmu. A ƙasar nan kanta akwai ikkilisiyoyi irin NKST da CRCN da suka gaji koyarwar alkawari, masu ganin jama'ar Allah ɗaya ce tun daga Ibrahim, kuma ba wanda zai ce ba sa girmama Littafi Mai Tsarki.

Ban ce a sauke zanen daga bango ba. Roƙona ga makarantun tauhidi na Kagoro, Kawo da sauransu, da kowane fasto mai riƙe da alli, shi ne a riƙa faɗin sunan wanda ya zana da shekarar da ya zana, a kuma faɗa wa jama'a cewa akwai 'yan'uwa masu bi da ke karanta labarin ta wata hanya. In layin zane ya ci karo da umarnin Yesu, a goge layin.

Da aka tashi, na taka wa Mama zuwa bakin titi inda za ta hau Keke Napep. A hanya ta gaya mini cewa a arewacin gari take da zama kafin 2000. Gidanta ya ƙone, wani maƙwabcinta Musulmi ne ya ɓoye ta da 'ya'yanta uku kwana biyu a ɗakin matarsa. Ta ce shekara guda ta yi tana tsallake layin gafara in ana Addu'ar Ubangiji, bakinta ba ya iya furta shi, sai daga baya ta fara faɗa a hankali. "Yanzu kuma yaron nan ya ce ba tawa ba ce," in ji ta. Ta gyara ɗaurin zanenta ta shiga keken, ta ce in gaida mutanen gida.