Haɗa ƙaramin taragon kaya: takardar cikin kwali ba ta san daminar Legas ba

Wanda ya tashi a Arewa ya san motar kara da ta langa-langa, ya san yadda yaro ke fere ɓargon karan dawa ya fitar da taya huɗu. Haɗa ƙaramin taragon jirgin ƙasa daga kayan da ake sayarwa a kwali ƙanin wannan sana'a ne, bambancin kawai a nan komai da awo. To amma takardar bayanin da ke zuwa cikin kwalin, a Jamus ko Ingila ko Amurka aka rubuta ta, don ɗaki mai matsakaicin danshi. Mu da ke zaune a Legas, idan muka bi ta sau da ƙafa, tarago ba zai wuce damina ɗaya da kyansa ba. Wanda kuma ya koyi aikin a Kano ya sauko da dabarun can, shi ma zai sha mamaki, don abin da iskar Kano ke yafewa, ta bakin teku ba ta yafe shi.

A fara da awo, don nan ake asarar kuɗi tun kafin a buɗe kwali. Manyan samfuran nan galibi a kan dogo mai faɗin milimita 45 suke tafiya, amma girmansu ba ɗaya ba ne. Kamfanin LGB na Jamus, wanda ya fito da nasa a 1968, yana yin 1:22.5, wato ainihin tarago ya ninka samfurin sau 22.5 a tsawo. Na Amurka akwai 1:20.3 da 1:29, Turawan Ingila kuma suna son 1:19. Idan ka jera su a layi ɗaya, sai ka ga kamar an haɗa raƙumi da jaki a ayari. Tsohon layinmu da ya isa Kano a 1911 faɗinsa milimita 1,067 ne. Raba shi da 45, za ka samu kusan 23.7, wato 1:24 ne ya dace da taragon da ya riƙa sauko da gyaɗa da auduga da fata zuwa Apapa, ya koma da goro da gishiri. Sabon layin Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021 faɗinsa 1,435, shi 1:32 yake so. A ganina, ɗan Arewa ya nemi kwalin 1:22.5 ko 1:24 ya gyara shi ya yi kama da namu. Wanda ke son ganin siffar tsofaffin kayan reluwe da idonsa, Ebute Metta ba nisa, can hedikwatar hukumar jiragen ƙasa take, kuma akwai ɗan gidan tarihi a Jaekel House.

Babban abin da ya raba Legas da Kano shi ne katako. Katako yana shan ruwan da ke cikin iska ya kumbura, ya bushe ya motse, kuma ta faɗi yake wannan motsi, ta tsawo kusan babu. Da damina a nan danshi kan haura kashi 80 cikin ɗari, a Kano kuwa da hunturu yakan faɗi ƙasa da 20. Daɓen tarago mai faɗin milimita 100 na tsagwaron katako zai iya motsawa da milimita 2 zuwa 3 tsakanin waɗannan yanayi biyu. Shi ya sa taragon da aka haɗa a Agege cikin watan Yuli, aka kai shi gida tsaraba a Janairu, sai a ga tsagu ya buɗe tsakanin alluna, ƙofa tana lilo. Wanda aka haɗa a Kano da sanyi aka sauko da shi, shi kuma allunansa su matse juna, daɓe ya yi doro, ƙofa ta cije.

Maganin a nan, a buɗe kwalin a bar katakon ya kwana goma sha huɗu a ɗakin da za a yi aikin, a shimfiɗe, an danne shi da abu mai nauyi. Kafin haɗi a shafa masa silar da kafintoci ke sawa kafin fenti, ciki da waje. Shafa fuska ɗaya kawai ya fi rashin shafawa muni, don ɓangaren da ba a rufe ba zai sha danshi shi kaɗai, allo ya kantare kamar ɓawon gyaɗa. Wuraren da gam zai hau a rufe su da tef, don farin gam ba ya kama katakon da aka sile. Tsakanin allo da allo a saka siririyar takarda lokacin jerawa, a zare ta bayan an manna, wannan ɗan sarari shi ne wurin numfashin katakon. Idan kwalin na allon garin katako ne da aka matse, gefensa ne ke fara kumbura, a ba gefen shafi uku.

Gaskiyar magana, ga mazaunin Legas kwalin da kayan cikinsa na roba ne ya fi kwanciyar hankali, kuma shi nake ba sabon shiga shawara. Roba ba ruwanta da laima, ba ruwanta da fumfuna ko gara. A Kano ne take da abokan gaba, wato rana da zafin kwano: siririn rufin da aka yi wa baƙin fenti, aka bar shi a mota ko bakin taga a watan Afrilu, lanƙwashewa zai yi. Wanda ke son ƙara wani abu nasa, masu allon talla a Shomolu da Mushin suna da farin allon PVC mai kauri milimita 3 da 5, reza na yanka shi. Sai dai ruwan gam na robar kwali ba ya narka shi, sai sufa gulu ko gam ɗin masu haɗa bututun ruwa.

Shi sufa gulu danshi ne ke sa shi daskarewa. A Kano da hunturu sai ka riƙe abu ka gaji bai kama ba, har sai ka hura masa numfashi. A nan kuwa kafin ka daidaita ya riga ya kama, ya bar farin hazo a kewayen wurin, abin da ya rage a kwalba kuma ya sandare cikin 'yan makonni. A ɗiga shi a kan murfin kwalba, a ɗauka da bakin allura, fanka tana kaɗawa, a ajiye sauran a gwangwani mai murfi tare da ƙullin silika irin na kwalin takalmi. Farin gam na yau da kullum yakan yi laushi idan ya sha laima, don haka a nemi mai alamar D3, wato mai jure danshi. Ƙashin bayan tarago, inda nauyi da ja suke, a yi masa gam mai haɗi biyu irin Araldite, mai jinkirin bushewa.

A haɗa ƙashin a kan gilashi, don tebur yakan yi ƙarya. A auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangare biyu, idan awon ya bambanta da fiye da milimita 1 a gyara tun gam bai bushe ba. Tazarar cikin ƙafafu biyu da ke kan sanda ɗaya ta zama milimita 40. Idan ta gaza, tarago zai hau mahaɗar dogo, idan ta wuce, zai cije a kwana. Dogon tarago yana zaune ne a kan kekuna biyu masu ƙafa hurhuɗu, waɗanda ma'aikatan reluwe ke kira bogi. A ɗaure notin ɗaya yadda zai juya kawai, ɗayan a sassauta shi rabin zagaye ya samu damar rangaji. Idan aka matse duka biyun, da ya tarar da ɗan tudu ƙafa ɗaya za ta tashi sama, idan aka saki duka, tafiyar agwagwa zai yi. Maƙalar da ke haɗa tarago da tarago kuwa, a yi mata ma'aunin tsayi guda da guntun katako, kowace a gwada ta da shi. A kwana mai tsanani, wadda daga tsakiyar da'irarta zuwa dogo santimita 60 ne, maƙalar da aka kafa a jikin dogon tarago tana fizge na bayansa, gara a kafa ta a jikin bogi.

Ƙafafun ƙarfe sun fi na roba, suna saukar da nauyi ƙasa kuma ba sa tara datti. Amma sandarsu a Legas tsatsa take yi, musamman kusa da ruwa. Ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a kowane kai ya wadatar a nan. A Kano mai yana kama ƙura ya zama kamar samfefa, can garin bakin fensir ya fi. Wajen nauyi, ni dai ina ganin rabin kilo ga mai ƙafa huɗu, kilo ɗaya ga mai bogi, kuma su yi kusa da juna, don marar nauyi a tsakiyar masu nauyi shi ake fizgewa a kwana. 'Yan ƙarafan da masu balansin taya ke mannawa, na giram 5 da 10, a liƙa su ƙarƙashin daɓe daidai kan ƙafafu.

Maƙamai da matakalan roba da ke zuwa a kwali suna da kauri, kuma ba sa jure hannu. A aske su da reza, a huda da bakin huji na milimita 0.8 da hannu, a lanƙwasa wayar tagulla mai wannan kauri, daidai take da rodin milimita 20 a ainihin tarago. A kafa ƙusa biyu a katako a riƙa lanƙwasawa a kansu don duk su fito tsawo ɗaya, a saka kati mai kauri milimita 2 a ƙarƙashi lokacin mannawa don tazararsu da bango ta daidaita.

Fenti shi ne inda Legas ta fi ba da wahala. Fentin feshi yana sanyaya wurin da ya sauka, danshin iska ya zauna a kai kamar raɓa, launi ya dushe ya yi fari-fari. Kada a yi feshi da asuba ko bayan ruwa. A jira rana mai haske, tsakanin hantsi da azahar, ko a tara aikin sai Disamba da Janairu da hunturu ke leƙo mu. A wanke robar da sabulu ta bushe, a tsaya nisan santimita 25 zuwa 30, shafi uku marasa kauri, minti 15 tsakani. Fentin mota na kasuwar Ladipo yana iya cin roba, a gwada a kan guntun da ya rage tukuna. A Kano fenti na bushewa nan da nan, damuwar can ƙura ce, sai a yayyafa ruwa a ƙasa a kife kwali a kan aikin.

Taragon da ya yi zirga-zirga tsakanin Kano da Apapa yana ɗauke da alamar wuraren biyu, jar ƙasa a gindi da ƙafafu, tsatsa tana gangarowa daga kan ƙusoshi da hinjin ƙofa. Jar ƙasar gaske da aka tankaɗe da tsohon mayafi, aka goga da busasshen burushi, aka bi ta da banish marar sheƙi, ta fi kowane fenti kama da gaskiya. Wajen kayan da za a loda, buhun da tsawonsa ya kai mita 1 zai zama milimita 42 a awon 1:24. A ɗinka shi da tsohon hankici da aka rina da ruwan shayi. Kada a cika da shinkafa ko gero, a nan fumfuna da ƙwari za su cinye shi, yashi kuma yana kai nauyi sama tarago ya riƙa kifewa. A sassaƙa farin soson da ake kare talabijin da shi a kwali ya cika cikin tarago, a jera buhuna masu auduga a ciki sahu biyu a samansa, bakin ɗinkin kowanne yana kallon ciki.