Kunyar ciki ba ta tsayawa shaida a kotu

Babu mai gidan aikin da zai rubuta a takarda cewa ya sallami mace don tana da ciki. Cewa zai yi ciniki ya ja baya, ko kwantara ta ƙare, ko kwanan nan makararta ta yi yawa. Malamar lakwal mai zaman kanta a unguwar Zango ko mai tsaron kantin magani a bakin kasuwar Dole a nan Damagaram ta san ainihin dalili, abokan aikinta ma sun sani, amma alƙali ba ya yanke hukunci da abin da ake raɗawa.

Doka kam tana nan. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta ba mai ciki hutun haihuwa na mako 14, takwas daga ciki bayan ta sauka, kuma ba a yarda a kore ta a cikin wannan hutu ba. Idan ta koma aiki tana da sa'a guda a rana ta shayarwa. Yarjejeniya mai lamba 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Nijar ta amince da ita a 2019, ta ƙara wani abu mai nauyi: mai gidan aiki ne zai tabbatar korar ba ta da nasaba da ciki, ba matar ba.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Idan ba a nuna ya san da cikin ba, ɗora masa wannan nauyi zai yi wuya. Mu kuwa a Damagaram ciki abin ɓoyo ne, balle na fari. Mace za ta yi wata biyar tana lulluɓe da babban hijabi, uwarta ma ba ta faɗa wa ba, ina ga shugabanta namiji? Ranar da aka zauna sulhu gaban mai duba ayyukan ƙwadago, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce wallahi bai da labari. Wa zai ƙaryata shi?

Ban ce a yar da kunya ba. Cewa nake takarda tana iya faɗar abin da baki ya kasa. Mai ciki ta karɓi takardar likita, ta miƙa a ofis, a sa hannu da kwanan wata a kan kwafinta. Ta adana takardun albashi, lambarta ta CNSS (asusun inshorar ma'aikata na ƙasa) da saƙonnin WhatsApp. Idan an yaba aikinta a watan Janairu, ta kai takarda a Maris, aka sallame ta a Afrilu, jerin ranakun nan kaɗai ya isa ya sa alƙali ya nemi bayani.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce mai kwantarar wata shida ko shekara. Ita ba korarta ake yi ba, jira kawai ake wa'adin ya cika a ce mata an gode, mako biyu bayan nan kuma a zaunar da wata a kujerarta.