Ku buɗe mana maɓallin "Suivant"

Assalamu alaikum jama'a. Wataƙila wasu su ga abin da zan yi magana a kai yau ƙaramin abu ne, amma duk wanda aikinsa ya haɗa shi da kwasa-kwasan nan na intanet da ake ɗora wa ma'aikata kowace shekara ya san inda na dosa.

Makon jiya na zauna yin nawa a nan Garwa, arewacin Kamaru, bayan la'asar, zafin Afrilu ya hana kowa sakat. Kwas ne kan kare yara da mata masu rauni a wuraren da muke kai taimako, shafi 42. Kowane shafi layi huɗu ne ko biyar na Faransanci, sai muryar wata mata ta fara karanto su kalma bayan kalma, ba ƙari ba ragi. Kafin ta gama layin farko idona ya kai ƙarshen shafin. In kai yatsa kan maɓallin "Suivant", wato na wucewa shafi na gaba, in tarar ya dusashe, ba ya dannuwa sai ta rufe baki. A shafi na 31 wayata ta mutu, don tun safe babu wuta a unguwarmu. Na kai caji shagon bakin titi, na dawo bayan isha'i, ashe kwas ɗin bai riƙe inda na tsaya ba. Na koma shafi na ɗaya, datar sefa dubu ta tafi a banza. Wannan kuma ita ce shekara ta uku da nake yin wannan kwas ɗin, da muryar nan, da layukan nan.

Kada wani ya ɗauka na raina darasin ne. Wallahi muhimmancinsa ne ma ya sa abin ke ci mini rai. Magana ce ta yarinyar da wani zai ci zarafinta da sunan zai sa ta a jerin masu karɓar abinci. Irin wannan darasi ya kamata ya zauna a kan kowane ma'aikaci daram, amma yadda aka gina shi ya mai da shi abin da ake jira ya ƙare.

Akwai wata ungozoma da muke aiki tare, ta haife ni, tana karɓar haihuwa tun ban shiga makaranta ba. Na same ta a ɗakin awo ta jingina wayarta da kwalin safar hannu, muryar tana ta zuba, ita kuwa tana cike rajistar masu juna biyu, mata sun yi layi a kan benci har waje. Can sai ta miƙa hannu ta danna, ko kallon wayar ba ta yi ba. Na ce, "Hajiya, kina jin abin da take faɗa kuwa?" Ta ce, "Ɗana, shirunta nake saurare. In ta yi shiru na san lokacin dannawa ya yi." Ba ragguwa ba ce, ba kuma mai wasa da amana ba ce. An dai ba ta abin da ba ya neman komai daga gare ta sai jira, ita kuma ba ta da lokacin jira, shi ya sa ta haɗa shi da aikin da ke gabanta.

Ƙanena yana haɗa irin waɗannan darussa wa wata ƙungiya, daga Ngaundare yake aiki, sai na kira shi na sauke masa. Ya ce, "Yaya, ba son ranmu ba ne. In muka bar shi a buɗe, wani zai danna ya danna ya gama cikin minti uku ya karɓi takardar shaida, mu kuma masu ba da kuɗi suna son hujjar cewa kowa ya yi." Ya bayyana mini cewa manhajar da yake aiki da ita, Articulate Storyline, tana ba mai haɗa darasi zaɓi uku: ya saki hanya, ko ya taƙaita ta, ko ya kulle. Akwai kuma tsarin da ake kira SCORM, wanda ya fito a shekarar 2000 daga wani shiri na ma'aikatar tsaron Amurka, shi ne ke kai wa ofis rahoton wanda ya kammala, da makin da ya samu, da tsawon lokacin da ya ɗauka. Na fahimci damuwarsa, don masu tsallake-tsallaken suna nan, na san su. Amma saboda su aka yi mana kuɗin goro, kuma su ɗin ma kullen bai kama su ba. Wanda ya yi niyyar kada ya koya sai ya rage sauti ya ajiye wayar ya tafi shan shayi. Rahoton zai nuna ya yi awa guda cif. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mu da muka yi makarantar allo mun san maganin wannan tun muna yara. Malam ba ya duba tsawon zaman da ka yi riƙe da allo. Ka zo gabansa ka durƙusa ka biya karatunka. In ya zauna, ya ce je ka wanke, a yi maka ƙari. In bai zauna ba, ko kwana bakwai ka yi a kansa ba za ka wanke ba. Mai kaifin kai ya wuce, mai nauyin kai ya maimaita, ba wanda aka tsare don wani. A can ma akwai ƙofa a kulle, amma karatunka ne mabuɗinta. A kwas ɗinmu agogo aka ba mabuɗin.

Masu binciken ilimi ma nan suka tsaya. Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, wanda ya daɗe yana nazarin koyo ta hoto da sauti, ya nuna cewa idan ana nuna hoto ana bayani da murya, sannan aka jibga rubutun maganar gaba ɗaya a kan allon, fahimta raguwa take yi, don ido da kunne suna jayayya a kan abu guda. Ya kuma nuna mutane sun fi fahimta idan aka yanka darasi gajere-gajere, su ne ke cewa a ci gaba. A 2019 Marc Brysbaert na Jami'ar Ghent a Beljiyam ya tattara bincike 190, ya samu cewa baligi mai karanta Ingilishi a zuci yana yin kalma 238 a minti, mai karantawa a bayyane kuwa 183. Wato wanda ya iya karatu kusan kullum zai riga murya, ya zauna yana jira, kuma a cikin jiran nan ne hankali ke tafiya kasuwa. Sai binciken Roediger da Karpicke na 2006: ɗaliban da aka sa su tuno abin da suka karanta sun fi riƙe shi bayan mako guda a kan waɗanda suka yi ta maimaita karantawa. Biya karatu gaban malam ke nan.

Akwai kuma waɗanda ba a tuna da su sam. Muna da direba mai nauyin ji, yana karanta shafin ya gama, ya zauna yana jiran muryar da ba ya ji. Ga kuma waɗanda Faransancinsu na aji ne, a gida Hausa ko Fulatanci suke yi. Su abin da suke bukata shi ne su mai da maganar baya su sake ji, a kwas ɗinmu kuwa har sandar ja da baya an kulle.

Ban ce a saki komai sakaka ba. Bidiyo na minti ɗaya da ke nuna yadda ake cire safar hannu ba tare da ta taɓa fata ba, a tsare mutum ya kalla a karon farko, na yarda, don a nan kallon shi ne darasin. Amma rubutun da ido ke iya ɗauka, a bar ido ya ɗauka. A sa tambayoyi tun daga farko, wanda ya amsa daidai ya wuce. Bayan 'yan shafuka a kawo masa labari irin na wurinmu: mace ta zo da kuka ta ce wani ma'aikaci ya nemi abu a wurinta kafin ya ba ta kati, me za ka yi, wa za ka kira? In ya kasa, a mai da shi shafin da amsar take. Ƙanena ya ce wannan ya fi cin lokaci wajen haɗawa. Na ce masa lokacin da shi ɗaya zai ƙara bai kai na ma'aikata birjik da ake zaunarwa ba.

Kwana biyu bayan Hajiya ta karɓi takardar shaidarta, ta tare ni a bakin famfo ta ce, "Ɗana, in irin wannan abu ya faru da wata yarinya a nan, wa ake kira?" Lambar tana shafi na 38, muryar ta karanto ta har sau biyu. Na rubuta mata ita da manyan baƙi a bayan kwali, muka manna a bangon ɗakin awo, kusa da sikeli.