Yaron da ya iya karanta Hausa ya fi kusa da Turanci

Lokacin da muka sauka a birnin Lesta na ƙasar Ingila, 'yata tana da shekara shida, kuma Turancinta bai wuce gaisuwa da ƙirga ɗaya zuwa goma ba. A makon farko malamar ajinsu ta aiko a kira ni, na tafi ina tsammanin za ta ce mu daina yi wa yarinya Hausa a gida. Sai ta tambaye ni ko tana karatu da harshenmu, ta roƙe ni mu ci gaba da yi mata tatsuniya da hira da Hausa, sannan ta miƙo mini takarda in rubuta mata yadda muke cewa ruwa, yunwa, ciwo da banɗaki, domin ta gane bukatar yarinyar kafin bakinta ya buɗe. Ina rubutawa ina tuna firamarenmu ta Daura, inda monita yake rubuta sunan duk wanda ya yi "banakula", a tashi da shi a gaban aji ya sha bulala saboda ya yi magana da harshen da aka haife shi a ciki.

Makarantun Ingila sun saba da irin 'yata, domin kusan ɗaya cikin kowane yara biyar a can yana da wani harshen gida ba Turanci ba. Abin da na gani shi ne ba sa barin karatu ya zo da kansa. Kowace safiya akwai ɗan lokaci da aka keɓe don sautin haruffa kawai, ana koyar da sauti ɗaya bayan ɗaya, ana haɗa su su zama kalma, kuma littafin da yaro zai kai gida ba ya ɗauke da sautin da ba a koya masa ba. Tun shekarar 2012 ake yi wa 'yan aji ɗaya gwajin kalmomi 40, rabinsu kalmomin ƙirƙira ne marasa ma'ana, an sa su ne da gangan don a bambanta yaron da yake karantawa da wanda ya haddace. Doka kuma ba ta yarda ajin yara masu shekara biyar zuwa bakwai ya wuce ɗalibai 30 ga malami ɗaya ba. Kafin a buɗe labari, malama takan nuna hotuna, ta fitar da sababbin kalmomi, a yi ta hira a kansu har kunne ya saba, sannan ido ya sauka kan rubutu.

Bara na je gida hutu, ɗan ƙanwata da ke aji huɗu ya ɗauko littafinsa na Turanci ya karanta mini shafi guda ba tuntuɓe, uwarsa tana ta murmushi. Da na ɗora yatsa a kan wata kalma a tsakiyar shafin, sai ya koma layin farko ya faro daga can, yana rerawa har ya iso inda yatsana yake. Na tambaye shi ma'anar abin da ya karanta, ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ba a gaya mana ba." Na rubuta masa jimla ɗaya da Hausa, ita ma ya kasa. Littafin rubutunsa kuwa tsaf yake, ya kwafe duk abin da aka rubuta a allo ba tare da ya san ko harafi nawa ke magana ba. Ban ga laifinsa ba, ban kuma ga na malaminsa ba, wanda yake fama da ɗakin da yara suka cika har bakin ƙofa, ba shi da wata dabara sai ya faɗa su amsa.

Ba na cikin masu cewa a kwaso tsarin Ingila a juye a Katsina, domin yanayin ba ɗaya ba ne. 'Yata tana jin Turanci a filin wasa, a shago, a talabijin, a bakin kowa, alhali ɗan ƙanwata yana barin Turanci a ƙofar makaranta, ba ya sake jin sa sai washegari. Masanin nan na Kanada, Jim Cummins, ya nuna cewa ko yaron da ke zaune a tsakiyar masu harshen yakan iya Turancin hira cikin kamar shekara biyu, amma Turancin darasi yana ɗaukar shekara biyar zuwa bakwai. Idan haka abin yake ga wanda ke iyo a cikin harshen, to mu da muke ɗibar sa da cokali muna ɗora wa yaro kaya biyu a lokaci guda: ya koyi yadda rubutu yake aiki, ya kuma koye shi da harshen da bai ji ba.

Kaya na farko Hausa za ta iya sauke masa cikin sauƙi. Rubutun Hausa kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, wanda ya san baƙaƙe da wasula biyar zai haɗa ba, be, bi, bo, bu, ya karanta kalmar da bai taɓa gani ba kuma ya fahimce ta nan take. Turanci kuwa yana da haruffa 26 da sautuka kusan 44, harafi ɗaya yakan sauya murya daga kalma zuwa kalma. Karatu sau ɗaya ake koyon sa a rayuwa, kuma wannan hanya ba baƙuwa ba ce a wurinmu, tunda a makarantar allo sai yaro ya yi babbaƙu sannan farfaru kafin a sake shi ya yi karatu. Yaron da ya riƙe b, d, k, m, n, s da t a Hausa ya riga ya mallake su a Turanci. Abin da ya rage wa malami shi ne ya tsaya a inda harsunan suka raba hanya: harafin c da muke karantawa a "ciki" ba haka yake a Turanci ba, p da f suna gauraya a bakinmu, haka v da b, kuma harshenmu ba ya son baƙaƙe su cunkushe ba wasali, shi ya sa muka mayar da kalmominsu burodi da sukudireba.

Iyayen da ke son Turanci tun aji ɗaya suna da hujja, domin da Turanci ake rubuta WAEC da NECO da JAMB, kuma babu mai shiga jami'a ba tare da ya ci shi ba. Sai dai tarihinmu bai nuna cewa Hausa tana tare hanya ba. Waɗanda suka yi Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello, da Hausa aka fara koyar da su a elemantare, kuma har yau ana ba da labarin Turancin Ɓalewa. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwaji a Ife, aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida, Turanci yana matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin kansa. Manufar ilimi ta ƙasa tun 1977 ta ce a fara da harshen uwa a shekarun farko, a 2022 aka faɗaɗa ta zuwa dukan firamare, a 2025 kuma gwamnatin tarayya ta soke ta. A ganina an yanke wa tsarin hukunci ne ba tare da an gwada shi sosai ba, domin a yawancin azuzuwanmu ba a ba malami littafin Hausa ba, ba a kuma horar da shi koyar da karatu ba. Shirin koyar da karatu mai suna RANA da aka gudanar a Katsina da Zamfara ya samar da littattafan karatun Hausa na aji ɗaya zuwa uku, kuma irin wannan aiki ya kamata kwalejojin horar da malamai, kamar ta Isa Kaita da ke Dutsinma, su mayar da shi darasin dole.

Ko da wace manufa ake ciki, malami yana iya keɓe rabin sa'a kullum ga gaɓoɓin Hausa, ya kuma sa Turancin shekarun farko ya zama na baki, da waƙa da hoto da umarni irin su tashi, zauna, kawo, yana fassarawa ba tare da jin kunya ba. Kwana goma na yi ina zama da ɗan ƙanwata bayan la'asar, muna haɗa baƙi da wasali a bayan wata tsohuwar kalanda. Ranar da zan tafi muna hanyar tasha ya tsaya gaban wani shago, ya karanta a hankali, gaɓa bayan gaɓa, "Ana sayar da ƙanƙara", ya juyo ya tambaye ni ko daidai ne. Shafinsa na Turanci kuwa har na bar gari da hadda yake karanta shi.